Darasin Zalɓe

Shekara arba'in da biyu ina tsaye a kwale-kwale,
Nilu na kumbura da damina, yana janyo itatuwan Habasha,
ko gemuna bai taɓa jiƙewa ba.
Sai ga shi Mai Wurno ta kwana da labari:
dokin ƙofar banɗaki ya kayar da Jatau mai fito.

Buta ta yi gabas, ni na yi yamma,
takalmi ɗaya ya tsere gindin darbejiya.
Na kwanta ina kallon sama
kamar tarwaɗar da ruwa ya janye ya bari.
Ba ciwon kwankwaso ne ya fi ci mini rai ba,
tunanin Gwadabe ne,
da ya zame a jiƙaƙƙen siminti bara waccan,
aka ɗora shi a gadon igiya,
bai ƙara taka ƙasa ba sai da aka sa shi cikinta.

Daga ranar na zama abokin bango.
In dafa, in lallaɓa, in zauna.
Kasuwa ta yi nisa, bakin kogi ya yi nisa,
salla ma a kujera.
Ashe tsoro ya fi tsufa saurin cin ƙafa.

Ran Juma'a jikata Rumasa'u ta zo daga Sinnar,
ita da ke gashin ƙashi a asibiti.
Babu allura a jakarta, babu ƙwaya.
Ta ɗauki gawayi a murhun gahawa,
ta ja layi daga rumfa zuwa randa,
ta ce, Kaka, bi.
Dunduniya ta taɓa babban yatsa, ido a gaba.
Na ce, ni da na haye da shanu da buhunan dawa,
yau zanen gawayi za ki ba ni?
Ta ce, ruwa ya san ka, ƙasa ce ta manta.

Taku huɗu na yi. A na biyar ta tare ni.

Ta bar mini aiki kamar ɗan makaranta:
tashi daga kujera sau goma, hannu a ƙirji,
ɗage da yatsu ina riƙe da ginshiƙin rumfa,
sai wanda ya fi ba ni kunya,
tsayuwa da ƙafa ɗaya.
Yara suka hau katanga suna ƙirga mini,
ɗaya, biyu, uk...
ba su taɓa ƙarasa uku ba a makon farko.
Matata Tasalla ta yi dariya har kisra ta ƙone,
kwana biyu na leƙa ɗaki
na same ta tana gwadawa a bayan ƙyaure.

Wata asuba, sanda a hannu, na kai gaɓa.
Can cikin ruwa mara zurfi
ga zalɓe, ƙafa ɗaya a laka, ɗaya a ɓoye cikin gashi,
iska na taɓa shi, yana ɗan rangaji, yana dawowa.
Ashe ba sandarewa yake ba,
gyara yake yi, kaɗan kaɗan, ba fasawa,
yadda gwiwata ke yi da igiyar ruwa a da.
Malami na nan tun tuni,
ina wucewa da filafili ban gaishe shi ba.

Yanzu yara na kaiwa goma sha bakwai,
har sun gaji sun koma ƙwallo.
An sare dokin ƙofar, an rataya fitila.
Sandar tana nan, ban raina ta ba,
kwana kuwa na Mai kwana ne.
Amma jiya da magariba goshina ya taɓa tabarma,
na miƙe da liman, ba wanda ya kama hannuna.

Awaki kan share layin kullum da yamma.
Da safe in sunkuya da kaina,
in zaɓi gawayi mai kauri,
in sake ja.